Amsa Ga Mai Renon Tumatir Daga Toranke

Wani mai sauraronmu daga Toranke, Ƙaramar Hukumar Ajingi, ya rubuto cewa ya zuba takin juji da aka kawo daga Kano a bedin da yake renon tumatir. Irin ya tsiro, amma ya tsumbure, sabon ganye ya yi rawaya, ya ƙara takin zamani bai ga canji ba.

To Malam, kafin komai tumɓuke guda ɗaya ka wanke saiwar. In ka ga ƙulle-ƙulle kamar carbi, wannan tsutsar ƙasa ce. In gindin ne ya ruɓe, ruwa ya yi yawa. Amma in saiwar gajera ce, ta yi duhu, ba ƙananan gashi a jikinta, sai a zargi gubar ƙarafa.

Sharar birni ba kashin dabbobi ba ce kawai. Akwai mataccen batir, gwangwanin fenti da tokar taya, kuma daga irinsu dalma da kadmiyam ke shiga ƙasa. Saiwar ƙaramin tumatir ba ta yi ƙwari ba, ita gubar ke fara kamawa. Da ta daina tsawo, shukar ba ta iya jan ruwa da abinci, shi ya sa ko buhun taki ka juye mata ba za ta amfana ba. Kuma su waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa, sai su shekara da shekaru a fili.

Masu noman rani a gefen Jakara da Challawa sun san wannan matsala, saboda ruwan masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, musamman na jima, wanda ke ɗauke da kuromiyam. Dalma kuwa ba abin wasa ba ce: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara.

Shawarata, wannan bedi ka haƙura da shi, kada ma ka shuka alayyafo ko latas a wurin, don ganye ya fi ɗan tumatir kwasar guba. Ka sake sabo da ƙasa mai tsabta da takin shanu da ya ruɓe sosai. Sannan ka kai ƙasar tsohon wajen malamin gona na KNARDA, ya nema maka inda za a auna ta.