MANHAJOJIN KASHE AIKI A WAYAR HANNU: AMFANINSU DA ILLARSU GA MUTANEN ƘOFAR GALADIMA

1.0 GABATARWA

Ƙofar Galadima ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar birnin Zariya, kamar su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona. A zamanin da, ta ƙofa fatake da manzanni suke shigowa da kaya da labari. A yau kuwa, tun daga shekarar 2001 da wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, yawancin saƙo da ciniki ta cikin aljihu suke shigowa unguwa. Ɗalibi yana karɓar darasi ta waya, maɗinki yana aika hoton aikin riga ga mai saye a Kano ko Yamai, ɗan kasuwa kuma yana jiran shaidar shigowar kuɗi kafin ya saki kaya.

Sai dai wutar lantarki ba ta zama, saboda haka mutane da yawa sukan kai wayoyinsu wurin masu caji da janareto, su biya. An janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka yi sanarwar, kuma daga lokacin kuɗin gudanar da janareto ya hau. Wannan ya sa duk abin da aka ce zai tsawaita caji yana samun karɓuwa. Daga ciki akwai manhajojin nan da ake kira kilina ko busta, waɗanda wannan maƙala ta kira manhajojin kashe aiki. Manufar maƙalar ita ce bayyana aikin da suke yi, da dalilin da ya sa amfaninsu bai kai yadda ake zato ba.

2.0 KALMA ƊAYA, ABUBUWA BIYU

Tushen ruɗanin yana cikin harshe. Bahaushe ya ari kalmar “memori”, ya ɗora ta a kan abubuwa biyu mabambanta. Na farko shi ne rumbun ajiya, watau inda hotuna da waƙoƙi da manhajoji suke zaune ko da an kashe waya. Na biyu shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara suke kira ram, watau inda waya take shimfiɗa abin da take amfani da shi a wannan lokaci. Da zarar an kashe waya, duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar aiki ya tafi.

Misalin wannan shi ne maɗinkin babbar riga a zaurensa. Adakarsa ita ce rumbun ajiya, tabarmar da yake zaune a kai ita ce ƙwaƙwalwar aiki. Da safe yakan fito da allura da zare da almakashi ya jera a tabarma, domin su kasance kusa da hannu. Cikar adaka matsala ce, don sabon kaya ba zai sami wuri ba. Cikar tabarma kuwa alama ce ta ana aiki. Wanda bai rarrabe tsakanin biyun ba, idan ya ga an rubuta masa cewa memori ya cika, sai hankalinsa ya tashi, alhali wataƙila tabarma ake nufi.

3.0 AYYUKAN BAYAN FAGE

Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a a Zariya, irin su Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion da ke Shenzhen a ƙasar Sin, da kuma Samsung, suna tafiya ne a kan tsarin Android na kamfanin Google. A wannan tsari, idan mutum ya fita daga wata manhaja ya shiga wata, ta farkon ba ta mutuwa. Takan koma bayan fage.

Tsarin ya jera ayyuka bisa daraja. A sama akwai manhajar da mutum yake kallo yana taɓawa. Sai wadda ake iya gani amma ba a taɓa ta. Sai masu hidima a ɓoye, kamar mai karanto Alƙur'ani alhali allo yana kashe, ko mai sauko da wani littafi daga intanet. A ƙasa duka akwai waɗanda aka ajiye kawai, suna kwance cikin ƙwaƙwalwa ba sa motsi. Waɗannan na ƙarshe kusan ba sa shan batir, domin ƙwaƙwalwar aiki tana cin wuta kusan daidai, ko tana cike ko babu komai a cikinta. Abin da ke shan batir shi ne motsi: lissafin injin waya, da hasken allo, da neman sabis.

Idan wuri ya yi ƙaranci, tsarin da kansa yake rufe ayyuka, yana farawa daga ƙasa, daga wadda aka fi daɗewa ba a waiwaye ta ba. Ashe ke nan waya tana da nata sarkin ƙofa tun daga masana'anta.

4.0 ASALIN MANHAJOJIN KASHE AIKI

Wayar Android ta farko da aka sayar, HTC Dream, ta fito a 2008, kuma ƙwaƙwalwar aikinta megabayit 192 ce kacal. A waɗannan shekaru tsarin bai ƙware ba, manhaja mai rauni tana iya yin ta aiki a ɓoye har batir ya ƙare. Shi ya sa irin su Advanced Task Killer suka yi tashe. Daga baya Clean Master ta kamfanin Cheetah Mobile ta bazu a duniya. Aikinsu shi ne su jero abin da ke bayan fage, su rufe shi da taɓawa ɗaya, sa'an nan su nuna adadin megabayit da suka “’yanto”.

Sannu a hankali Google ya riƙa rage musu ƙarfi, yana kuma gyara nasa tsarin. A 2010, cikin Android 2.2, aka taƙaita ikon da wata manhaja take da shi na tsayar da 'yar'uwarta. A 2015, Android 6 ya zo da tsarin gyangyaɗi, wanda yake dakatar da yawancin ayyuka idan an ajiye waya ba a taɓa ta. A 2017, Android 8 ya sa iyaka ga hidimomin bayan fage, a shekarar kuma aka fito da Android Go domin wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. A watan Fabrairu na 2020, Google ya cire manhajoji kusan 600 daga kantinsa saboda talla mai takura, manhajojin Cheetah Mobile ma aka cire su a wannan lokaci. Daga Android 14 na 2023 kuwa, manhajar da aka sauko da ita ba ta da ikon kashe ayyukan bayan fage sai nata na kanta.

5.0 ILLOLINSU

Illa ta farko ita ce aikin baban giwa. A koma ga maɗinki: idan yana da yaro mai rawar kai wanda duk bayan minti biyar zai kwashe allura da zare ya mayar adaka, tabarma za ta yi fes, amma riga ba za ta gamu da wuri ba. Haka waya take. Tayar da manhaja daga rumbu ya fi cin wuta da lokaci bisa ga ɗauko ta daga ƙwaƙwalwa. Bugu da ƙari, manhajoji da yawa an gina su ne su sake tashi da kansu, sai a kashe, su tashi, a sake kashewa, batir yana biyan kuɗin kokawar.

Ta biyu, ita manhajar kashe aikin tilas ta zauna a bayan fage tana gadi, tana kuma sauko da talla. Tallan nan da datar mai waya ake sauko da shi.

Ta uku, bugun kan mai uwa da wabi take yi. Tana iya tsayar da ƙararrawar tashin Asuba, ko ta katse littafin da ɗalibi yake saukowa da shi ya rage kaɗan, ko ta jinkirta saƙon da mai shago yake jira.

Ta huɗu, da yawansu suna neman izinin ganin hotuna da sunayen manhajoji da sauran abin da ke cikin waya. Wanda ya bayar da izinin bai karanta ba, ya miƙa makullin ɗakinsa ga baƙo.

Ko share jerin manhajoji da yatsa a kai a kai, wanda ya zama al'ada, bai tsira daga illa ta farko ba. A 2016 Craig Federighi na kamfanin Apple da Hiroshi Lockheimer na Google, kowannensu ya bayyana cewa yin haka ba ya ƙara wa batir kwana.

6.0 ABIN DA YA FI DACEWA

Wannan ba ya nufin kada a taɓa rufe manhaja. Idan ɗaya ta sandare, ko waya ta ɗau zafi ba dalili, sai a shiga saitin batir a ga wadda ta fi shan wuta, a tsayar da ita kaɗai, ko a hana ta aikin bayan fage, ko a cire ta baki ɗaya. Ciwon da ke yatsa ba a yanke masa hannu.

Har ila yau, a rage hasken allo, domin yana cikin manyan masu shan caji. Inda sabis yake da rauni, kamar cikin ɗakunan ƙasa masu kaurin bango na cikin birni, waya takan ƙara ƙarfi wajen nemansa, don haka kashe data da dare yana taimakawa. A kashe mai nuna wuri idan ba a bukata. A yi amfani da ƙananan manhajoji irin su Facebook Lite, wadda ta fito a 2015. A kiyaye waya daga rana, musamman a zafin Maris da Afrilu, domin zafi yana tsufar da batir. Idan kuwa rumbu ne ya cika, maganinsa goge tsofaffin hotuna da bidiyon da aka turo ta WhatsApp, abin da mai waya zai iya yi da hannunsa.

7.0 KAMMALAWA

An ga cewa manhajojin kashe aiki sun taso ne a lokacin da wayoyi suke da ƙaramar ƙwaƙwalwa, tsarinsu kuma bai nuna ba. Zamanin ya wuce, al'adar ta rage. Mutumin Ƙofar Galadima da yake biyan kuɗin caji da na data daga guminsa, asara biyu yake yi idan ya dogara da su. Akwai kuma aiki a gaban masu nazarin Hausa, watau daidaita kalmomin da za su raba rumbun ajiya da ƙwaƙwalwar aiki a bakin jama'a. Muddin suna ɗaya ake kiran su da shi, mai waya zai ci gaba da share tabarma alhali adaka ce ta cika.