Maria Sibylla Merian da Zanen Rayuwar Ƙwari

Maria Sibylla Merian mai zane ce da aka haifa a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus a shekarar 1647, kuma tana cikin mutanen farko da suka zana ƙwari bayan sun raine su da hannunsu sun ga yadda rayuwarsu take gudana. A gidan sana'a ta tashi. Mahaifinta, Matthäus Merian, fitaccen mai sassaƙa hotuna ne a farantin tagulla kuma mai buga littattafai, ya rasu tana da shekara 3. Mijin mahaifiyarta na biyu, Jacob Marrel, mai zanen furanni, shi ya koya mata riƙon buroshi da haɗa launi.

Tana da shekara 13 ta fara kiwon tsutsar siliki, tana ba ta ganye tana kallo har ta saƙa wa kanta gidan zare ta shige, daga baya ta fito da fukafukai. A wancan zamani mutane da yawa, har da masu ilimi, sun ɗauka daga taɓo ko ruɓaɓɓen nama ƙwari suke tsirowa. Sai a 1668 ne likitan Italiya Francesco Redi ya nuna cewa naman da aka rufe, ƙuda bai sauka a kansa ba, ba ya yin tsutsa.

Masu zane kafin ita sukan ɗora malam-buɗe-littafi a gefen fure don ado kawai, masana kuma su jera matattun ƙwari da aka soke da allura. Merian ta bi wata hanya dabam. A shafi guda takan zana ƙwai, da tsutsa, da kwanson da take kwanciya a ciki, da ƙwaron da ya fito, duka a kan ainihin tsiron da tsutsar take ci. Ganyen ma ba ta gyara shi: inda aka gaigaye, haka take barinsa da ɓulolinsa da busasshen bakinsa. Wannan ɗan abu ya fi ƙarfin ado, domin shi yake shaida wa mai kallo abincin kowace tsutsa. Aikin na buƙatar haƙuri, don wata tsutsar sai ta yi watanni a kwanso, wani lokaci kuma a jira malam-buɗe-littafi sai ƙananan ƙudaje su fito, waɗanda suka cinye ta tun daga ciki. Su ma ta zana su. Da fentin ruwa take aiki a kan jemammiyar fata mai laushi, sannan a sassaƙa zanen a tagulla a buga, a shafa launi da hannu. Kashi 2 na farko na littafinta kan tsutsotsi sun fito a 1679 da 1683, kowanne da zane 50.

A 1691 ta koma Amsterdam, inda ta ga ƙwarin ƙasashe masu zafi a akwatunan attajirai, kyawawa amma matattu, babu mai iya faɗin me suke ci ko daga wace tsutsa suka fito. A 1699, tana da shekara 52, ta sayar da zane-zanenta ta hau jirgin ruwa tare da 'yarta Dorothea zuwa Suriname, a Kudancin Amurka, wadda Holan ke mulka a lokacin. Turawan can rake ne kaɗai a gabansu, har suna yi mata dariya. Waɗanda suka san daji su ne 'yan asalin ƙasar da bayin da aka kwaso daga Afirka. Su suka sare mata hanya, suka kawo mata tsutsotsi, suka gaya mata amfanin tsirrai. Ta rubuta abin da suka faɗa, har da cewa matan bayi kan sha 'ya'yan wani fure su zubar da ciki don kada su haifi 'ya'ya cikin bauta, sai dai ba ta ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Rashin lafiya ya dawo da ita a 1701.

Littafinta kan ƙwarin Suriname ya fito a 1705 da manyan zane 60, na farko abarba ce da kyankyasai, akwai rogo da gwaiba. Ba a rasa kuskure a ciki ba: ta ce wani ƙwaro mai dogon kai yana haske da dare kamar fitila, alhali ba ya yi. Amma zanen da aka fi ƙaryatawa, na ƙaton gizo-gizo mai gashi yana cin ɗan tsuntsu, shi ne ya tabbata, bayan Henry Walter Bates ya ga irin haka da idonsa a dajin Amazon a ƙarni na 19. Carl Linnaeus ma ya dogara da zane-zanenta wajen sanya wa wasu halittu suna.

Ta rasu a Amsterdam a 1717, kuma a shekarar aka saya wa Sarkin Rasha Peter Babba ayyukanta masu yawa, waɗanda har yanzu suke birnin Saint Petersburg.