Gubar Da Tafasa Ruwa Ba Ta Kawarwa

'Yan'uwa, mun saba idan ruwa bai kwanta mana a rai ba mu tafasa shi, ko mu jefa alif dattin ya kwanta. Wannan yana maganin ƙwayoyin cuta da laka. Amma akwai wasu sinadarai da ake kira PFAS waɗanda ba sa jin wuta. Tafasawa ma ƙara musu ƙarfi take yi, domin ruwan ne ke tashi tururi, su kuwa su zauna a tukunya.

Ana sa su a kaskon suya da ba ya kama abinci, da rigar ruwa, da kumfar kashe gobara. A cikinsu kabon ya riƙe fulorin gam, har rana da ƙwayoyin ƙasa ba sa iya raba su. In sun shiga jikin mutum, sai su yi shekaru cikin jini.

Mutanen yankin Parkersburg a Amurka sun ɗanɗana kuɗarsu. Masana'antar DuPont da ke can ta daɗe tana amfani da ɗayansu, PFOA, wajen yin Teflon, ya kuma shiga ruwan sha. Bayan an gwada jinin mutane kusan 69,000, a 2012 masana suka kammala cewa da alamar yana da hannu a cututtuka shida, har da sankarar ƙoda da hawan jini ga masu juna biyu.

To, yaya ake cire su? An fi amfani da gawayi na musamman, wanda ake yi da kwal ko ɓawon kwakwa, a gasa shi har ya cika da ƙananan ramuka inda gubar ke maƙalewa. Ba gawayin murhu ba ne, kuma in ya ƙoshi dole a sauya shi, in ba haka ba gubar ta riƙa wucewa. Akwai kuma wasu 'yan ƙwayoyin roba masu janyo ta, da matata mai matse ruwa ta cikin fata mai laushin ido. Ita ce ta fi tacewa, sai dai tana cin lantarki, tana ɓarnar ruwa.

Duk waɗannan tattara gubar suke yi kawai. Ana iya hallaka ta da wutar da ta haura digiri 1,000. A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa iyakar PFOA a ruwan sha: kashi 4 cikin tiriliyan.