Rangwamen Harajin da Ba a Jin Ƙararsa

A ranar 23 ga Satumba 2022, Ministan Kuɗin Birtaniya, Kwasi Kwarteng, ya sanar a majalisa cewa za a soke harajin kashi 45 cikin ɗari da ake karɓa a kan abin da mutum ya samu sama da fam 150,000 a shekara. Nan take ƙura ta tashi. Darajar fam ta faɗi, 'yan jam'iyyarsa ma suka juya masa baya, cikin kwana goma gwamnati ta janye batun. Kafin Oktoba ya ƙare, shi da Firaminista Liz Truss duk sun bar kujerunsu.

Wancan rangwamen ya mutu ne domin an yi shi a bainar jama'a. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ke kwance cikin doka shekara da shekaru.

Dubi kuɗin fansho. A Ingila, abin da ma'aikaci ya ajiye domin tsufansa, ana yafe masa harajinsa. A ido, doka ɗaya ce ga kowa. To amma a zauna a yi lissafi. Direban bas mai biyan kashi 20, in yana son fam 100 ta shiga asusun fanshonsa, fam 80 zai fitar daga aljihu. Manaja mai biyan kashi 40, fam 60 kawai. Mai kashi 45 kuwa, fam 55. Iya girman albashinka, iya gudummawar da baitulmali ke ba ka. Shi kuwa wanda kuɗin haya da cefane ke cinye albashinsa, me ma zai ajiye?

A 2023, Ministan Kuɗi na lokacin, Jeremy Hunt, ya ɗaga iyakar abin da ake iya ajiyewa da wannan rangwame daga fam 40,000 zuwa 60,000 a shekara, alhali albashin akasarin ma'aikatan ƙasar gaba ɗaya bai kai haka ba. Hujjarsa ita ce manyan likitoci na yin ritaya da wuri saboda haraji. Matsalar gaskiya ce, amma maganin ya wuce asibiti, ya haɗa har da manyan ma'aikatan banki.

Masu kare tsarin kan ce jinkiri ne kawai, ai za a biya haraji ranar karɓar fansho. Sai dai galibi kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ana cire shi ba haraji, kuma da yawa waɗanda aka yafe wa kashi 40 lokacin aiki, kashi 20 suke biya bayan ritaya. A 2016 Ministan Kuɗi na lokacin, George Osborne, ya duba yiwuwar sauya tsarin, amma gab da gabatar da kasafin kuɗi ya ajiye maganar.