Dinarin Abdulmalik: Tsabar da Rubutunta Ya Fi Zinarenta Tsada

Duk lokacin da malamai suka fitar da lissafin nisabin zakka ko mafi ƙarancin sadaki, sai ka ji an ce dinari 20, an ce rubu'in dinari. Dinarin nan ba a littattafan fiƙihu kaɗai yake ba. Tsabar zinare ce da hannu ke iya riƙewa, mai nauyin giram 4.25, faɗinta wajen santimita 2. Halifan Banu Umayya Abdulmalik bin Marwan, wanda ya yi mulki daga Dimashƙa, shi ya tsayar da sigarta a shekara ta 77 bayan Hijira, kusan 697 Miladiyya.

Kafin nan da kuɗin Rumawa Musulmin Sham ke ciniki, masu ɗauke da hoton sarkin Rum da gicciye. An fara da kwaikwayonsu ana cire gicciyen. Daga baya aka buga wanda ke nuna halifa a tsaye, hannunsa a kan takobi. Wannan ma bai daɗe ba. A shekara ta 77 aka share hoto gaba ɗaya, rubutu ya gaje wurinsa.

Idan ka ɗora dinarin a tafin hannu, a tsakiyar fuska ɗaya kalmar tauhidi ce cikin layi uku, an kewaye ta da ayar da ke bayyana aiko Manzo. Ɗaya fuskar tana ɗauke da wani yanki na Suratul Ikhlasi, a gefenta kuma shekarar da aka buga shi, an rubuta ta da kalmomi. Rubutun Kufi ne marar ɗigo. Abin mamaki, babu sunan halifa, babu sunan gari. Da guduma ake buga shi, a sa faifan zinare tsakanin ƙarafa biyu masu zane a doka, shi ya sa wani lokaci rubutun gefe kan zame ya fita. Ni dai ina ganin wannan ƙarancin ado shi ne kyansa.

Sigar ta karɓu har wuraren da ba a karanta Larabci. Offa, sarkin Marsiya a Ingila, ya sa an kwaikwayi dinarin halifa Mansur na shekara ta 157, aka cusa sunansa da haruffan Latin a tsakanin layukan. Maƙerinsa bai san abin da yake kwafa ba, domin sunan sarkin da Larabcin sun juya wa juna kai. Tsabar tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Can Magrib kuwa, Murabiɗai sun buga nasu dinarin a Sijilmasa da zinaren da raƙuma ke haurowa da shi daga Afirka ta Yamma.

Masu tara irin waɗannan tsabobi ba nauyi suke saye ba. Shekara suke dubawa, da tsabtar bugu, da duk wata kalma da ba a saba gani ba. Akwai dinarin shekara ta 105 da aka ƙara wa 'yan kalmomi masu nuna cewa zinarensa daga ma'adinan Amirul Muminina da ke Hijaz ya fito. Saboda wannan ƙarin, an sayar da guda ɗaya a gwanjo a Landan a 2011 a kan fam miliyan 3.72, alhali ɗan'uwansa na shekarun kusa, mai nauyi ɗaya da shi, farashinsa bai kama ƙafar wannan ba.

Nan ne mai tarawa da maƙerin zinare suke raba hanya. Maƙeri zai goge tsohuwar tsaba ta yi ƙyalli, ko ya huda ta a rataya a sarƙa. A wurin mai tarawa, gugar da hujin duk ɓarna ce, kuma dinarin da aka yi wa haka yakan rasa kaso mai yawa na farashinsa.