Ɗalibin da Ke Karatun Duwatsu

Idan kana zaune a Yolde Pate, wataƙila ka ɗauka dutse mai aman wuta sai a ƙasashe masu nisa. To, dubi baƙaƙen duwatsun da ke kewayen garin Song da kuma Tudun Longuda, a nan Jihar Adamawa. Asalinsu narkakken dutse ne da ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa tun zamanin da, ya huce, ya daskare.

Cikin masu nazarin irin waɗannan duwatsu akwai ɗaliban digiri na biyu da na uku. Ana koyar da ilimin duwatsu a Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei, ƙetaren Kogin Binuwai.

Da rani ɗalibi yake fita daji, riƙe da guduma da taswira da littafin rubutu. Yakan fasa dutse ya ɗauki cikinsa, inda ruwa da rana ba su ci ba, ya sa masa lamba, ya rubuta wurin da ya samo shi. A ɗakin gwaje-gwaje sai a yanka guntun, a yi ta goga shi har haske ya iya ratsa shi. Sannan ɗalibin ya duba shi da madubin ƙara girman abu. In ƙwayoyin dutsen manya ne, a hankali ya huce. In ƙanana ne, da sauri ya daskare.

Aikin yana bukatar haƙuri da kuɗi. Wani gwajin sai an aika da dutsen wani gari ko wata ƙasa, a yi watanni ana jira. Bayan haka ne ɗalibi zai rubuta kundinsa, ya kare shi a gaban malamai.

Kana iya tambaya: me ya sa ake wannan wahala a kan duwatsun da suka daɗe da yin shiru? Amsar tana maƙwabciyarmu Kamaru. Tafkin Nyos yana cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta. Ran 21 ga Agusta, 1986, da dare, iskar kabon dayoksaid ta taso daga cikinsa, ta kashe mutane fiye da 1,700 da dabbobi dubbai. Masu bincike ne suka gano cewa iskar tana taruwa a ƙasan ruwan, aka kafa bututun fitar da ita a 2001. Su ne kuma suka yi gargaɗi cewa in bakin tafkin ya fashe, ruwan zai biyo Kogin Katsina-Ala ya shigo Nijeriya. Wannan yana cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba.