FIƊA GA MAI CUTAR KORONA: A CIKI HAƊARIN YAKE KO A HUHU?

Sa'ad da cutar korona ta game duniya a shekara ta 2020, har ta iso Nijar ran 19 ga watan Maris, wata tambaya ta dami likitocin fiɗa. A cikin cikin mutum akwai wani tantani da ya lulluɓe hanji, yana kuma da ɗan ruwa. Shin ƙwayar cutar tana ɓuya cikin wannan ruwa? In tana nan, to, ranar da aka buɗe cikin majinyaci, likita da mataimakansa suna iya shaƙar ta, musamman ta hayaƙin da wuƙar lantarki take tayarwa.

Amsa ta farko daga birnin Piza na Italiya ta fito. An yi ma wani dattijo mai shekara 78 fiɗa saboda toshewar hanji, aka auna ruwan cikinsa, aka tarar da alamar ƙwayar, har ta fi wadda take cikin hanyar numfashinsa yawa. Wannan labari ya tsorata ma'aikata ƙwarai. Amma a Singafo an cire ma wani saurayi mai korona apandisit, aka auna, ba a ga kome ba. Haka kuma a Satarasbur ta Faransa, majinyatan da aka auna ruwan cikinsu babu ko ɗaya mai ita. Sannu a hankali aka gane cewa jefi-jefi ake samun ta. Ban da haka, awon da ake kira PCR ɓurɓushin ƙwayar yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa tana da rai balle ta harbi wani.

Ashe babban haɗari yana ga huhun majinyaci. Jami'ar Bamingam ta Ingila ta haɗa kan asibitoci 235 na ƙasashe 24, suka bi sawun mutum 1128 masu korona da aka yi ma fiɗa iri-iri a farkon 2020. Fiye da rabinsu sun gamu da ciwon huhu bayan aiki, kuma kusan 24 cikin 100 sun rasu kafin kwana 30. Dalili shi ne, maganin sa barci da injin numfashi suna ƙara nauyi bisa huhun da cuta ta riga ta raunana.

A 2021 wani bincike mai girma, na mutum fiye da dubu 140 a ƙasashe 116, ya nuna cewa wanda ya jira mako 7 bayan kamuwa, haɗarinsa yakan koma daidai da na wanda bai kamu ba. Da allurar rigakafi ta yaɗu, an rage wannan jira, kuma a watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci.

To, jama'a masu karatu, ga abin riƙewa. Fiɗar da ba ta gaggawa ba tana iya jira, kuma wajibi ne mai tari ko masassara ya gaya ma likita gaskiya kafin ranar aiki. Amma hanjin da ya toshe, da ƙabar da ta maƙale, da haihuwar da ta gagara, ba su san jira ba. Kada tsoron wata cuta ya sa a tsare irin wannan majinyaci a gida. A garzaya da shi asibiti, dare ko rana. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.